Muryar da ke Cikin Tulu

Ku da kuka cika min shago wai in koya muku karanta littafi a waya, na ji abin da ɗayanku ya faɗa kafin ku yi sallama. Cewa ya yi ai ba wani aiki ba ne, mutum ya sayi makirfo ya buɗe baki, shi ke nan. Ba zan nuna shi ba, ga shi can yana sosa ƙeya. To ku nemi wuri ku zauna. Ni Isa na tsufa a sana'ar nan, tun ana ɗaukar murya a kaset har aka koma memori, ɗan katin nan na waya, amma har gobe in aka turo min littafin soyayyar aljanu sai na yi bisimilla na sake kafin in buɗe shi.

Aikina na farko a rumfar Malam Garba ne, mai ba da hayar littattafai a kasuwa. Ni ne mai liƙe bangon da ya yage, in goge shafin da mata suka dawo da shi da tabon manja. Akwai wani tela kusa da mu da bai yi boko ba amma yana mutuwar son labari, shi ya roƙa in riƙa karanta masa yana taka keke. Ranar farko ban kai ƙarshen shafi ba Malam Garba ya fizge littafin daga hannuna.

"Kai, karatu kake yi ko kiran sunan 'yan aji?" in ji shi.

Ya gyara zama ya karanta layi kaɗan, sai na ji keken telan ya yi shiru. Daga ranar ya ɗauke ni koyo. Shi ya nuna min cewa ba a karanta shafi a fili sai an fara karanta shi a zuci. Shi ya hana ni matse maƙogwaro in zan yi muryar mace, ya ce sassautawa ake yi kawai, mai sauraro zai ƙarasa sauran da kansa. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne yanka, wato inda za ka tsaya ka ce a tara gaba. Ba a tsayawa inda labari ya huta. Ana tsayawa ne inda aka ƙwanƙwasa ƙofa ba a buɗe ba tukuna, don in ba haka ba babu mai dawowa gobe.

Ɗakin da nake ɗaukar murya yana nan a gidana a Kagarawal, wanda yake so ya je ya gani. Tsofaffin katifu na jingina a bango, na cusa tsumma a ƙasan ƙofa, makirfon kuwa safa na sa masa don kada numfashi ya riƙa buga shi. Da safe ba a aiki, zakaru da injin markaɗe ba za su bar ka ba. Da yamma yara ne da masu babur. Lokacinka tsakanin azahar da la'asar ne, sa'ad da unguwa ta yi laushi, kuma dole ka kashe fanka. Ku da kuka san zafin Gombe ku auna mutum a rufe cikin katifu yana faɗa wa budurwa kalaman soyayya, gumi na shiga masa ido. In akuya ta yi kuka a tsakiyar kalma, ka koma baya ka sake.

Littafin aljanu na farko da na ɗauka, muryar aljanin ce ta gagare ni. Na gwada bokitin ƙarfe, ta fito kamar mai tallan kananzir. Na toshe hanci, matata ta yi dariya har da hawaye. Sai wata rana na sunkuya zan duba ko da ruwa a tsohon tulun mahaifiyata, na yi magana bakina yana bakinsa. Muryar da ta dawo min ba tawa ba ce. Na kai shi ɗaki, na yi magana a hankali daga ƙirji, na ɗauka na kunna wa matar nan da ta gama yi min dariya. Ba ta bari ya kai minti ɗaya ba ta ce in fitar mata da abin nan daga ɗaki. Ku yanzu kwamfuta kuke sa wa ta kumbura muku murya, aljani ya fito kamar kwaɗo ya yi mura, kuna mamakin ba a jin tsoro.

Masu saye kuwa iri-iri ne. Teloli, masu kitso, direbobin da ke kwana a hanya, samarin Fulani da ke shigowa ranar kasuwa su cika kati su koma wajen shanu, da matan aure da ke ba mazajensu memori a ƙulle a leda. Kusan kowa tambayarsa ɗaya: akwai na aljanu? Kuma littattafan nan ba daga sama suka faɗo ba. Tatsuniyoyin da kakanninmu suka yi mana ne, na mutanen ɓoye da ke cikin kuka da tsamiya da tsohuwar rijiya. Marubutan yanzu sai su ɗauko aljanin su yi masa wanka, su sa masa shadda da turare, su ba shi kyau da kishi da dukiya, ya zo yana zubar da hawaye a kan 'yar mutane. Mata su yi ta cewa Allah sarki. Ni da nake sa bakina a tulu na san a ƙarƙashin shaddar nan shi ne dai wanda aka hana mu kiran sunansa muna yara.

Shekarar da ta fi kowace muni a wurina ita ce wadda kowa ya samu babbar waya. Kafin littafi ya kammala har wani ya riga ka karantawa ya watsa. Duk masu sana'ar sai muka koma bin marubuta a gindi: ta rubuta kashi yau, ka ɗauka gobe, jibi yana kasuwa. A damanar shekarar ne na kama littafin wata marubuciya a Arawa, zan kira ta Adda Ladi don ba sunanta ba ne. Daga tatsuniyar nan ta ɗauko shi, ta matar da ta rasa haihuwa ta je bakin rijiya ta yi alkawari. A littafin, 'yar da aka haifa ta girma, sunanta Safiya, aljanin rijiyar ya kamu da sonta. Yana da suna amma ba zan faɗa ba, Mai Rijiya nake ce masa. Safiya ta ce ita mutum take so. Ya bar ta ta yi aurenta bisa sharaɗi ɗaya: ɗanta na fari nasa ne, zai zo ya karɓa ranar da ta cika arba'in da haihuwa.

Ban taɓa sayar da littafi kamar wannan ba. Kashin da na ɗauka na ƙarshe, Safiya tana ɗaki da jariri, arba'in ta cika, sai aka yi sallama a bakin ƙofa. Na sa baki a tulu na ce, "Na zo karɓar alkawari." A nan na yanka, kuma ko Malam Garba ne a nan zai yanka.

Daga nan Adda Ladi ta yi ɗif. Mako ya wuce, wani ya bi, babu ci gaba. Mutane suka dame ni, ni ma na dame ta a waya har ta daina ɗagawa.

Wata ranar da hantsi ina shago wani dogon mutum ya shigo bai yi sallama ba. Idonsa ja wur, rigarsa duk baƙin mai. Ya ajiye memori a kan teburina.

"Kai ne mai karatun nan?"

Na ce ni ne. Ya daɗe yana kallona, har na fara laluben inda zan bi in ya kawo hannu. Sai ya zauna a benci. Ya ce sunansa Buba, direban babbar mota ne, gidansa yana Gabukka, can ƙarshe inda gidaje suka fara tsinkewa. Matarsa Rabi ta haihu, ɗan fari, namiji. Iyayenta suna nesa, don haka goggonsa ce ta zo take yi mata wankan jego. Shi da hannunsa ya saya mata littafin a wurina don ya ɗebe mata kewa in ya yi tafiya. Kuma akwai rijiya a tsakar gidan.

"Malam, tun da ta ji wurin da ka tsaya ba ta ajiye yaron ba," in ji shi. "Ko banɗaki da shi take shiga. Ba ta barci, ta ce in ta rufe ido za a zare shi. Ba ta cin abinci, nono ya ƙafe, kuma ba ta yarda kowa ya karɓe shi ya ba shi wani abu. An yi mata ruƙiyya. Na karɓo magani a asibiti ta ƙi sha. In aka yi sallama a ƙofa sai ta shige bayan gado. Yaron ya daina kuka mai ƙarfi. Jibi take cika arba'in."

Na ce masa ya ba ni zuwa gobe, zan samo ƙarshen in ɗauka in ba shi ya kunna mata. Ya girgiza kai, ya ce wayar ma ta rotsa ta da taɓarya, ba ta yarda a shigo da kowace waya ɗakin. Ya ce Goggo ce ta aiko shi, kuma ba memori ta ce ya kawo ba, ni ta ce ya kawo.

Na rufe shago na hau babur sai Arawa. Adda Ladi ta fito zaure da mayafi, ina ganinta na gane dalilin shirun. Ciki ne da ita, ya fito sosai, ita da ta yi shekara da shekaru tana nema. Na faɗa mata abin da ke tafe da ni. Ta dafe bango.

"Malam Isa, a tatsuniyar da kakata ta yi min, ɗauke yaron yake yi," ta ce. "Haka na shirya rubutawa. Ni kuwa da abin nan a jikina hannuna ba zai rubuta an ɗauki jariri ba, kuma na rasa wani ƙarshen. Duk wanda na ƙirƙiro sai in ji ƙarya ne. Ka yi yadda ka ga dama da shi, na bar maka."

Washegari bayan azahar Buba ya zo ya ɗauke ni. Na naɗe tulun a zani na rungume shi a bayan babur, muna tafe muna kauce wa kwatami. Goggo ta tare mu a ƙofar gida, tsohuwa 'yar siririya, Hausarta da gargadar Fillanci. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ɗana, kai ne ka kira shi ka tafi ka bar shi a tsaye?" ta ce. "Mu a rugarmu in an fara wa yara labarin mutanen ɓoye, ba a tashi sai an mayar da shi gidansa. Ko ruwa ake yi, ko nono na ƙuna a wuta, sai an sallame shi kowa ya ji ya tafi. Kuma wanda ya fara shi ke sallama. Kai ka tsayar da shi a bakin ƙofar yarinya, ka je kana cin tuwonka."

Na so in ce mata haka sana'ar take, ba ni na rubuta ba. Amma sai na tambaye ta kawai, in Rabi ta ji muryar a kusa da ita abin ya ƙaru fa? Goggo ta ce ita ma ta yi wannan tunanin, amma yaron ba zai kai mako a haka ba.

Aka shimfiɗa min tabarma a bakin ƙofar ɗakin, labule a tsakani. Rijiyar tana bayana, an rufe ta da kwanon rufi an ɗora dutse. Goggo ta shiga ciki, Buba ya tsuguna a gefena. Ba na jin komai daga ɗakin sai wani ɗan ƙaramin numfashi mai sauri, na jariri. Na yi ta karanta duk addu'ar da na sani. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba, don ban taɓa yin karatu mai sauraro yana numfashi kusa da ni haka ba, kuma ba ni da takarda a hannu.

Na fara da muryata ta kullum, yadda nake buɗe kowane kashi. Na ce, masu sauraro, mun tsaya inda Safiya take ɗaki da ɗanta aka yi sallama. Na ji gado ya motsa, na ji Goggo tana cewa, "Zauna, Rabi, ina nan." Na ci gaba a hankali. Na ce Mai Rijiya ya leƙa ya ga yadda Safiya ta rame, idonta ya faɗa, sai zuciyarsa ta karye, don duk abin da yake yi son ta ne ya sa shi. Sannan na warware zanin na sa bakina a tulu.

"Safiya, na yafe alkawarin. Riƙe ɗanki. Na koma inda na fito."

Har na fara sauke ajiyar zuciya. Sai wata murya ta fito daga bayan labulen, a dishe, amma a tsaye take.

"Ƙarya kake yi."

Buba ya kama hannuna.

"Ƙarya kake yi," ta sake cewa. "Haka ka ce wa uwarta ka yafe, ka dawo. Ranar da za ta yi aure ma ka ce ka yafe. Kai da bakinka ka ce maganarku ba ta ɗaure ku sai kun rantse da Allah, shi ya sa ba ka taɓa rantsewa ba."

Gaskiyarta ne. Yana cikin littafin, can baya, ni na karanta na manta, ita kuwa ta riƙe shi kalma da kalma. Ba Safiya take karewa ba, kuma ba da ni Isa take magana ba. Ni Musulmi ne, in ɗauki sunan Allah in sa a bakin abin wasa? In kuma na yi shiru, ta tabbata yana nan a ƙofa yana jira. Na juya na dubi Buba, hawaye ne ke bin gemunsa. Sai na ce a raina, duk abin da zan rantse a kai zan tabbatar abin da ni kaina zan iya cikawa ne.

Na mayar da baki cikin tulu. "Me kike so in rantse a kai?"

"Ba za ka taɓa Sadiƙu ba."

Ranar na fara jin sunan yaron. Na ce, "Na rantse da Allah ba zan taɓa Sadiƙu ba."

"Ba za ka sake zuwa gidan nan ba."

Na rantse.

"Ba zan ƙara jin muryarka ba har in mutu."

Na ɗan dakata, don wannan ta fi nauyi. Sannan na ce, "Na rantse da Allah ba za ki ƙara jin murya daga bakina ba."

Goggo ta ɗaga murya daga ciki ta ce, "To tafi, mun sallame ka." Na tashi na ja takalmana a ƙasa da gangan don ta ji tafiyata, na fita har waje na tsaya a jikin katanga. Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba. Can sai ga Goggo ta fito da abu a naɗe a zani, ta wuce ni ba ta ko kalle ni ba, tana ce wa Buba ya tayar da babur su kai yaron asibiti, uwar ta yi barci a zaune. Na hango ƙafarsa ta leƙo daga zanin, ba ta fi babban yatsana kauri ba.

Na dawo gida na goge littafin daga kwamfutata. Wanda ya riga ya bazu a wayoyin mutane ba ni da iko da shi, sai addu'a. Buba ya aiko min da saƙo sau ɗaya cewa an kwantar da su duka biyu, ana ba ta magani tana sha, daga nan ban sake jin ɗuriyarsu ba. Na yi ta son in je in tambaya, amma na rantse ba zan koma gidan ba. Shekaru na yi ban san ko yaron ya rayu ba, kuma duk jaririn da na gani a bayan uwarsa sai gabana ya faɗi.

Bara da rani ina zaune a nan inda nake, wata mata ta shigo da yaro ɗan makaranta, ta yi sallama. Ban taɓa ganin fuskarta ba, amma mu murya muke ci da ita. Tun kafin ta rufe baki na gane Rabi ce. Yaron ya miƙa hannu zai taɓa makirfon da ke kan tebur, ta ce, "Sadiƙu, bar taɓa kayan mutane."

Amsar sallamar tana bakina na haɗiye ta. Ta ce karatun Alƙur'ani take so a sa mata a memori, na ƙananan surori, yaron zai fara hadda. Na nuna bakina na girgiza kai. Na karɓi katin na sa a kwamfuta. Yaron kuwa ƙato, kumatu cike, gwiwarsa duk tabon faɗuwa, ya zo ya tsaya dab da ni yana kallon kwamfuta. Na janye hannuna na matsa da kujera don kada jikina ya gogi nasa. Tari ya taso min na danne shi, idona ya cika da ruwa. Da ta tambayi nawa ne na ɗaga mata hannu alamar ta bar shi.

"Allah sarki, ashe bebe ne," ta ce wa yaron a hankali. "Ɗaga masa hannu, ka nuna masa mun gode."

Ya ɗaga min hannu, na ɗaga masa. Sai da na ga sun tsallaka titi sun shiga Keke Napep ta tashi da su, sannan na yi tarin.